Yadda Muka Wuce Boɗinga Inna Ba Ta Sauka Ba

Kafin in fara, ya kamata in bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Tafiyar ta Asabar ɗin da ta gabata ce, daga Sakkwato zuwa Shagari, a tsakiyar bazara. Ba ni na tuƙa ba. A gaba na zauna kusa da yayana, mai motar. Abin da na rubuta game da tafiyar motar, wani a jikina na ji shi, wani kuma shi ya gaya mini da na sake tambayarsa bayan mun dawo. Ban auna mai ba, ban duba agogo ba, saboda haka mai neman lissafi ba zai same shi a nan ba. Motar 'yar Beljiyam ce mai canza giya da kanta, kuma kusa da giyar akwai maɓalli mai zaɓi uku. Da Turanci aka rubuta sunayensu, amma a gidanmu muna kiransu na tattali, na kullum, da na gudu.

Mun tashi da asuba, ana idar da salla. 'Yar'uwarmu da ke aure a Shagari ce ta haihu, ranar ce kuma suna. Ta ukunmu ita ce Inna, mahaifiyarmu, a kujerar baya, da robar yajin jego a cinya da lemun tsami a hannu. Inna ba ta jure mota. A sunan da ya gabata, a Boɗinga jiri da amai suka sauke ta, ta wuni gidan Goggonmu, ba ta ga jaririn ba sai da aka yi arba'in aka kawo shi gida. Wannan karon da sharaɗi ta shiga: idan ta ji ba daidai ba, a nan za a sake ajiye ta.

Daga cikin gari har muka wuce filin jirgi, a kan zaɓin kullum muke. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri: motar na amsa totur daidai gwargwado, giya na shiga ba a ji, esi na sanyi. Gari na wayewa muka soma haɗuwa da manyan motoci ɗauke da buhunan albasa, wasu kuma a gabanmu suna jan jiki. Yaya na son ya riski raɗin suna, sai ya danna na gudu. Bambancin ba ya ɓoyuwa. Inji ya ɗaga murya, motar ta riƙe giya ta ƙi saki da wuri, da ya taɓa totur sai ta zabura. Wajen wuce tirela wannan abin so ne, domin ba ka daɗewa a hannun masu zuwa.

Sai dai akwai abin da wanda ya ƙera maɓallin bai sani ba. Yaya malamin gona ne, ya yi shekaru yana aiki a ƙauyukan nan, kuma ba ya iya wuce dattijon da ya sani a bakin hanya. Birki zai taka, ya sauke gilashi, a yi ina kwana, ina gajiya, yaya zafi, yaya iyali, sannan ya ja. A kan zaɓin gudu, kowane tashi fizga ne. Da na waiwaya, na ga Inna ta rufe ido, lemun na hancinta, gumi na tsattsafowa a goshinta.

Muna shiga Boɗinga ta taɓa kafaɗata.

"Auta, ce mishi ya aje ni gidan Goggonku."

Yaya na jin ta sarai, amma ta bakina saƙon zai bi. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye sai dole, balle ta kushe tuƙinsa. Na roƙa a tsaya tukuna wurin wata mai masa a bakin titi. Masar na da zafi da taushi, kuma na ga kamar ta fi ta birni arha, ko da yake ta fi ƙanƙanta, don haka ba zan yanke hukunci ba. Yaya ya fita saye, ya tarar da wani abokin aikinsa, suka shiga hira. Nan na samu damar tambayar Inna ainihin abin da take ji.

"Gudun ba shi damuna," in ji ta. "In ya tsaya gaisuwa ya tashi, ji nikai kamar an bar hanjina baya. Kada ka hwaɗa mishi."

A sunan da ya gabata ma shi ya tuƙa ta, a tsohuwar motarsa. Ashe duk lokacin nan mota muke ɗora wa laifi ita kaɗai. Na roƙe ta ta ba mu zuwa Sifawa. Idan abin bai canza ba, ni da kaina zan sa a juyo. Ta gyaɗa kai. Da Yaya ya dawo na ce masa ina son in ji yadda na tattali yake, kuma hakan gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Ya dube ni, ya dubi madubi, ya danna.

Motar ta zama wata daban. Ya taka totur, ta yi kamar tana shawara kafin ta amsa. Tana saurin hawa babbar giya, inji ya yi laushi, esi ya rage ƙarfi har sai da muka ɗan sauke gilashi, warin albasar da aka tara a gefen hanya ya shigo. Yaya ya ce an mayar masa da mota jakin kai taki. Wata tirela ta sha gabanmu, ya leƙa, ya fasa wucewa, domin a wannan zaɓin wucewa na bukatar fili mai tsawo. Gaisuwa kuwa bai daina ba. Ya tsaya wa wani tsoho mai keke, amma da ya tashi sai motar ta zame a hankali.

Mun wuce Sifawa ba ta nemi a juyo ba. Can na ji motsin leda a baya. Inna ce ke cin masa.

Mun isa Shagari an riga an shafa fatiha, maza na watsewa da goro da dabino a hannu. Yaya ya rasa raɗin sunan, surukinmu ya yi ta yi masa tsiya cewa mai sabuwar mota ne ya zo bayan masu keke. Inna kuwa da ƙafarta ta shiga cikin gida, robar yajinta a hannu. Da aka kira ni in ga jaririya, na same ta a cinyar Inna, tana yi mata tsiyar cewa ta zo da hancin mutanen Shagari.

Da la'asar muka juyo mu biyu, domin Inna ta ce za ta kwana biyu wurin mai jego. Rana ta yi zafi, muka koma na kullum saboda esi, muka sayi albasa a hanya, muka shigo Sakkwato kafin magariba. Abin da na fahimta shi ne, na gudu na da amfani wajen wuce babbar mota, na kullum ya fi dacewa da zafin rana, na tattali kuma, ko ya rage shan mai ko bai rage ba, ya fi tausayin wanda ke zaune a baya. Mako mai zuwa za mu je ɗaukar Inna, ta kuma aiko a gaya mini, ni ba shi ba, a zo mata da mota mai sanyin hali.

Abu ɗaya ne ban iya tabbatarwa ba. Lokacin da take gaya mini damuwarta gilashin motar a buɗe yake, Yaya kuma bai yi nisa ba. Na tambaye shi, ya yi murmushi ya canza magana. Shin maɓallin ne ya kai Inna Shagari, ko kuwa ɗanta ne ya ji ya sassauta ƙafarsa?