Imat Akao Mai Lasar Man Shafawa

Imat Akao, maƙwabciyata a garinmu na Otuke, shekararta arba'in tana dafa man kaɗe, kuma dokarta ɗaya ce: man da ciki bai karɓa ba, fata ba za ta gan shi ba. Mu dai nan man kaɗe abinci ne, mu zuba a dankali, mu shafe ragowar a ƙafa. To ita sai ta ɗauka duk man duniya haka yake. Ran kasuwa za ka gan ta a rumfar masu kayan kwalliya tana buɗe kwalabe tana lasa. Masu rumfa na hango ta suke rufe kaya da zane.

Bara 'yarta Ejang, mai aiki a shagon kwalliya a Kampala, ta zo gida da jaririya, jikar farko. Ta kuma zo da wani farin mai a kwalba, ƙamshi kamar an kwance ɗakin amarya.

"Mama, wannan za a riƙa shafa mata. Masana sun gwada shi."

"Da harshen wa?"

"Mama! Kika lasa, ko kika shafa mata naki, mota zan hau. Ba kya ƙara ganin ta sai ta yi haƙora."

Ran tsohuwa na kan jikar nan. Amma a shafa wa jikarta abin da ba a lasa ba? Ina! Ejang na fita wanka, tsohuwa ta kwashe man Kampala, ta cika kwalbar da nata. Zubarwa kuma asara ce, sai ta juye shi a wata 'yar tukunya ta tura bayan murhu.

Kwana uku Ejang na shafa wa jaririya man kaɗe tana cika baki. "Kin ga aikin ilimi, Mama? Dubi fata!" Ƙamshin da ya kama kwalbar ne ya rufa asiri. Imat sai haɗiye magana take kamar ta fashe.

Ashe mijinta, Adwong Ojuka, wanda idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai taɓa kuskure tukunya ba, ya gano ta bayan murhu. Kullum sai ya dangwala da dankali. Ni da kaina na ji shi yana cewa man bana ya yi gardi, da ya yi gyatsa kuwa, gida ya ɗau ƙamshin fure.

Rana ta huɗu cikinsa ya ɓare. Sau tara yana zarya bayan gida kafin azahar. Muka ɗora shi a babur sai asibiti, har da Imat da Ejang da goyonta.

"Baba me ya ci?" in ji wata nas.

"Dankali da man matata," ya ce yana nishi. "Shekara arba'in bai taɓa cuta ta ba."

Imat ta dubi mijinta ya yi laushi kamar tsumma, ta dubi jaririya. Na rantse ta ba ni tausayi. Ta san tana faɗin gaskiya, Ejang mota za ta hau.

"Ba nawa ba ne," ta ce a hankali. "Na Kampala ne. Nawa yana jikin yarinya."

Nas ta yi dariya har da riƙe tebur. Ta ce man nan lafiyarsa ƙalau a fata, ba a dai yi shi don hanji ba, in ana son gwaji a ɗan shafa a bayan kunne a jira kwana ɗaya. Adwong kuma ya sha ruwan gishiri da sukari, ya daina yawon tukwane.

Ejang ba ta yi dariya ba. Washegari ta hau motar Kampala, ko waiwaye babu.

Imat ta shiga ɗaki tana share hawaye, sai na ji ta ƙwala mini kira. Babbar ƙwaryar man da ta dafa ran Asabar babu ita, Ejang ta tafi da ita.

"Ɓarauniya," in ji tsohuwa, tana kuka tana dariya. "Ko murfi ba ta bar mini ba."