Ganyen da Kakata Ba Ta Faɗi Sunansa Ba

A watan jiya, a bakin hanyar Kaikai, wani makiyayi ya wuce ni da tumakinsa, sai iska ta kawo mini wani ƙamshi mai ɗan ɗaci, irin na ganyen da aka murza a tafin hannu. Na tsaya ina sansana kowane tsiro da ke gefen hanya har masu wucewa suka fara kallona, amma ban same shi ba. Ya wajaba in gaya maka tun yanzu, mai karatu, cewa ba ni da tabbacin ko hancina ne ya ji shi ko zuciyata.

Ƙamshin nan na komin ragunan kakata ne. Kowace shekara, watanni kafin babbar Sallah, takan sayi ɗan rago ramamme ta ɗaure shi a turke a bayan ɗakinta. Abincinsa bai bambanta da na sauran gidaje ba: dusa, harawa, 'ya'yan gawo da jiƙon kanwa. Abin da ya bambanta shi ne wani koren gari da takan barbaɗa a kai. Ragon yakan cika da wuri, gashinsa ya kwanta, kuma ban tuna ya taɓa yin zawo ba, ko da sabuwar ciyawa ta fito. In an yanka shi, naman ba ya ƙarni, kuma ba ya daɗewa a wuta yake yin laushi.

Muna da maƙwabciya makauniya, aminiyar kakata. Ranar rabon naman layya, gidaje da yawa sukan aika mata, amma da na miƙa mata namu takan kai shi hanci ta yi dariya, ta ce in koma in gaya wa mai koren gari ta gane hannunta, ba sai an faɗa ba.

Wata Bafillatana mai tallan nono, daga wata ruga kusa da Mawashi, ita ta nuna wa kakata ganyen, kuma da sharaɗi ta nuna mata. Ba a faɗin sunansa, ba a shigo da shi gida sai an busar an daka, kuma mutum ɗaya ake nuna wa, a gindin itacen. Kakata ta riƙe wannan amana har mahaifina bai san komai a kai ba. Ni da na dame ta da tambaya, sai ta zolaye ni irin yadda kaka ke zolayar jikanta.

"Kai maigida, ko ƙafar rago ba ka taɓa saya mini ba, amma gadona kake hange? Bari ruwa ya ɗauke, in kai ka ka gani da idonka."

Ruwa bai ɗauke ba ta rasu. Da muka nemi rugar, an ce sun daɗe da tashi, wurin ya zama gona.

Na girma na karanci kiwon dabbobi a jami'a, kuma ba na jin zan iya cewa wannan koren garin ba ya cikin abin da ya kai ni. Na gwada zogale, tafarnuwa, citta da sabara a kan 'yan raguna a Kankia. Wasu sun fi 'yan'uwansu ƙiba, amma ragunan ba su da yawan da zai sa in yanke hukunci, don haka ba zan yanke ba. Abin da sikeli ba zai iya gaya mini ba shi ne ko na kusa da koren garin kakata. Mahaifina ya ce harshensa ya daina bambance nama. Shaida ɗaya ta rage, ita ce makauniyar nan, wadda tsufa ya riga ya kwantar.

Bara na yi layya da ragon da na ciyar da haɗin da na fi amincewa da shi, na kai mata rabonta da kaina ban yi mata bayani ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai hanci, ta daɗe tana sansanawa. Ni kuwa ina durƙushe ina jiran dariyar nan.

"Allah ya karɓi ibada, yaro," ta ce. "Wanga daga wane gida?"

Na faɗa mata. Ta yi wa kakata addu'a, ta ajiye naman a gefen tabarma.

Bana ma na ɗaure wani ɗan rago a tsohon turken, ina kuma bin dajin da ya rage tsakanin gonaki ina murza ganye. Shagunan maganin dabbobi sun cika da buhunan ƙarin abinci, kowanne da sunansa a rubuce. Tsohuwar kuwa an ce ta fara rage cin abinci. Abin da ke hana ni sukuni shi ne wata rana in tsaya a gindin itacen, ganyen yana tafin hannuna, babu sauran mai ce mini shi ne.