Minti Ɗaya da Agogo Mai Fuska Biyu

A gidanmu babu mai kiran ƙanwata da sunanta na yanka sai in malaman makarantarsu sun zo. Baba yana ce mata Auta, mu kuwa Minti Ɗaya muke kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Umma ta ƙwala mata kira daga kicin, sai ka ji, "Minti ɗaya, Umma." A ce hadari ya taso ta zo ta kwashe shanya, minti ɗaya. In ka leƙa ɗaki za ka same ta kwance rub da ciki a kan katifa, waya a gaban hanci, babban yatsanta yana ta jan doki da sarauniya a kan allon wasan ches. Minti ɗayan nan nata ya sha ƙona mana tukunya.

Tun tana sakandare ta koyi wasan, a waya, ba wanda ya zaunar da ita. Har ta shiga kwaleji tana koyon aikin gwajin jini, ba ta taɓa riƙe dokin katako a hannunta ba. Abokan karawarta duk mutane ne da ba ta san fuskarsu ba. In ta ci su, ta yi ɗan murmushi ta juya ɗaya gefen. In aka ci ta, ranar duk wanda ya taɓa mata kofin shayi ya shiga uku. Ni yayanta na sha tsokanarta cewa ita ce zakarar duniya ta ƙarƙashin bargo.

Baba kuwa mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin tela da mai sayar da caja, cike da gwangwanayen ƙananan ƙusoshi da agogunan da masu su suka manta da su. Yana wuni da gilashi maƙale a ido ɗaya, hantsaki a hannu. Mutum ne da ba ya iya ganin agogo yana ƙarya ya yi shiru. Mun taɓa kai shi asibiti da zazzaɓi, kafin a kira shi ya hau benci ya gyara agogon bangon ɗakin jira. Ga irin wannan mutum, yarinyar da ke kashe sa'o'i a kan waya ba ƙaramin ciwon kai ba ce.

Da kwalejinsu ta shirya gasar ches ta ɗalibai, don a zaɓi waɗanda za su riƙa zuwa wasu makarantu wasa, Minti Ɗaya ta same shi a shago tana murza gefen mayafi.

"Baba, in na samu shiga ƙungiyar, za a riƙa tafiya da mu. Amma sai ka yarda."

"Wannan abin da kike latsawa a waya?"

"Wasa ne na gaske, Baba. Da katako ake yi, mutum da mutum."

Ya cire gilashin idonsa ya dube ta. "To, gani ya kori ji. Zan rufe shago in je. In abin kirki ne, shi ke nan. In kuwa shiririta ce, daga ranar a bar maganar, ki kama karatunki."

Ranar gasar ni na raka su. Aji ne aka jera wa tebura, fanka tana juyi a sama, allon bango da guntun lissafin da ba a goge ba. A gefen kowane allon wasa akwai tsohon agogo mai fuska biyu, kowace fuska da maɓalli a kanta da wata 'yar jar tuta kusa da sha biyu. Baba na shiga idonsa ya tafi kansu, ya raɗa mini, "Waɗannan masu kyau ne. Ba a yin irinsu yanzu."

Alƙalin wasa, wani malamin lissafi mai ƙaramar murya, ya karanto doka. Kowa yana da nasa lokacin. In ka yi wasanka sai ka danna maɓallin gefenka, agogonka ya tsaya, na abokin karawarka ya fara tafiya. Wanda tutarsa ta faɗi an ci shi, ko da shi ne a gaba, kuma wanda aka ci ya fita daga gasar. 'Yan kallo ba magana, ba nuni, ba gyaran murya. Duk wanda aka taimaka wa daga waje, an kore shi.

Aka haɗa ta da wani dogon saurayi mai gilashi. Da farko ma har ta ture sojanta ɗaya da gefen hannun riga. Ta yi wasa ta danna, ta yi wasa ta danna, kamar 'yar kirki. Sai wasan ya yi daɗi. Na ga ta dafe haɓa da hannun hagu, irin zaman da take yi a kan katifa, na san ta bar ajin nan ta koma ƙarƙashin bargo. Ta tura doki, ta janye hannunta, ta bar agogo yana tafiya.

Sabo turken wawa. A waya ba a danna komai, kana sakin doki lokacinka yake tsayawa da kansa. Shekaru tana wasa haka, hannunta bai san akwai wani aiki bayan an ajiye doki ba.

Dogon ya kalli agogo ta ƙasan gilashi, ya kalle ta, sai ya tallafe kai ya shiga dogon tunani. Tunani yake yi da lokacinta, kuma doka ba ta hana shi ba. Ita kuwa da ta ga ya daɗe, sai ta ɗauka wasanta ne ya ɗaure shi, har da gyara zama da ɗan murmushin nan. Gaskiya kuma ta ɗaure shi ɗin, don gumi yake yi. Ta cinye masa doki, can ta cinye sarauniya. Wani lokacin ta tuna ta danna, sau da yawa ta manta, shi kuma duk mantuwa sai ya ƙara zurfafa tunani.

Baba bai san doki daga sarki ba, amma tun mantuwar farko ya gane abin da ke faruwa. Ya damƙe mini tsintsiyar hannu. Doguwar allurar gefenta ta fara ɗaga 'yar tutar nan a hankali, mutumin da ya hau benci da zazzaɓi don agogon da ba nasa ba yana tsaye yana kallon na 'yarsa yana cin ta. Ya buɗe baki, alƙalin wasa ya waigo, sai Baba ya rufe. Wallahi tausayinsa ya fi kama ni fiye da nata.

Tutar ta faɗi. Dogon ya ɗaga hannu a hankali ya nuna agogo, yana kallon ƙasa don kunya. Minti Ɗaya ta dubi allon, inda sarkinsa ke takure a lungu ba wurin gudu, ta dubi agogon, sai a lokacin ta tuna da shi.

A hanyar gida na so in ce barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe, tunda 'yar mai gyaran agogo ce agogo ya kayar. Da na ga idonta sai na haɗiye. Baba bai ce uffan ba, kuma shirun nasa ta ɗauka shi ne hukuncin. Ta jefa wayar cikin durowa. Kwanaki Umma na kira sau ɗaya tana amsawa, shanya na shigowa kafin hadari, amma gidan ya yi mana wani iri. Na yi kewar minti ɗayan nan fiye da yadda na zata.

Wata ranar Asabar da la'asar Baba ya aiko a kira ta shago, na bi ta don gulma. A kan teburin aikinsa ya ture gwangwanaye gefe ya shimfiɗa allon ches na kwali, sabo fil. Kusa da shi ga tsofaffin agogon ƙararrawa guda biyu ya ɗaure su a kan katako, ya haɗa su da ƙarfen spok na keke, in ka danna gefe ɗaya wannan ya tsaya wancan ya tashi. Har tutocin ya yanko daga jan murfin gwangwani.

"Zauna, Auta."

Ta tsaya tana kallon abin. "Baba, ai ka ce in shiririta ce a bar maganar."

"Na ga yaron nan yana gumi. Ba a yi wa shiririta gumi." Ya ja kujera. "Kanki ya iya, hannunki ne bai iya ba. Kafin gasar zango mai zuwa sai ya koya. Ni ban san wasan ba, amma na san agogo, kuma a shagona babu alƙalin da zai hana ni magana."

Ta zauna tana share ido da bayan hannu tana dariya. Baba ya ɗauki doki ya tura shi miƙe sambal kamar mota, ta ce ba haka yake tafiya ba, ya ce ita dai ta yi nata. Ta tura soja, hannunta ya koma haɓa.

"Auta, agogo."

Ta danna da sauri. Daidai nan wani mutum ya leƙo da agogon hannu da ya tsaya, yana cewa sauri yake yi. Baba bai ko ɗago kai daga allon ba.

"Minti ɗaya," in ji shi.