Hancin Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Ɗanlami takarda ya san ba karantawa zai fara yi ba. Hanci zai kai mata, ya lumshe ido, ya ja numfashi, sannan ya faɗi ƙasar da ta fito. Da shi aka san shagon takarda da kwalin nan na Gyaɗi-Gyaɗi, kuma duk duniya ba abin da yake taƙama da shi kamar hancin nan. Ka zagi rawaninsa ya yi dariya, amma ka ce hancinsa ya yi kuskure, to kun ɓata ke nan.

A wurinsa kowace ƙasa da halinta. Ta Finlan ƙamshin itace take, ta Indonesiya warin jirgin ruwa, ta Indiya kuwa wai ko atishawa ka yi sai ta yage.

Na ce, "Kawu, mu fa me muke sayar musu?"

Ya ce, "Mu? Su sare itace su sayar mana, mu kuma mu saya mu ƙunshe ƙosai!"

Ranar da na kai masa katin ɗaurin aurena, ya shinshina ya ce, "Indonesiya. Ka yi arha, yaro." Ya mayar mini bai ko duba rana ba. Wallahi sai da aka aika aka ɗauko shi daga shago, ana shirin shafa fatiha.

Lokacin da soja za su koma bariki, muka je zaɓe a Tarauni. Layi har titi, rana kamar wuta. Aka miƙa masa ƙuri'a, sai ga ta a hanci.

"La'ilaha! Har wadda za mu zaɓi shugaba da ita baƙuwa ce?"

Malamin zaɓe ya ce, "Baba, don Allah dangwala ka ba wasu wuri."

"Zan dangwala. Amma ka shaida ban ji daɗi ba."

Abokin gardamarsa shi ne maƙwabcinsa Malam Bitrus, malamin makaranta mutumin Kafanchan, wanda Kawu ke kira Ticha. Kullum da yamma sai Ticha ya zo da wata 'yar takarda don ya kama shi da kuskure, su yi ta musu har a kira magariba.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, Ticha bai fasa ba. Rannan ina zaune ya miƙa masa gefen kwalin da ni da idona na ga an rubuta Indiya a jiki. Kawu ya shinshina, ya daɗe, ya ce, "Finlan."

Ticha ya buga cinya. "Kai Alhaji, ka sake cinye ni!"

Kawu ya yi murmushi ya riƙo hannunsa. "Ticha, da tsufanka ka koyi ƙarya? Hancin nan ya mutu tun kafin azumi, ko turare ba na ji." Ya mayar masa da kwalin. "Amma gobe ma ka kawo."

Ticha ya kau da kai yana share ido da hularsa, ni ma na kasa zama na fita soro. Ya ci gaba da kawowa kuwa har ranar da muka kai Kawu makwancinsa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya shaƙa masa ƙamshin Aljanna. Ticha kuma Allah ya saka masa da alheri.