Malama Hanatu, Mai Harajin da Ta Ɗaga Zanin Gado

Ƙarfe bakwai na safe ba ta samun Malama Hanatu a gida. Kafin nan ta sha kokonta, ta rataya baƙar jakarta wadda hannunta ya sha ɗinki, ta kama hanyar tashar Gwarzo. Yau Madadi, gobe Kabo, jibi Gammo, duk inda takardar harajin wani ta maƙale. Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na sani, mai haraji ba baƙon da ake yanka wa kaza ba ne. Ni kaina a da, in na hango jakar nan sai in tuna ina da uzuri a wani layin. To amma yabon gwani ya zama dole, kuma abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ni malamar firamare ce a Kabo. A layinmu akwai Yaya Murja, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Da ta fita takaba, yayyenta maza suka haɗa hannu suka sabunta mata ɗaki: katifa babba, ledar ƙasa, fanka da ƙaramin firiji. Da kayan nan ta fara rainon yara a gida, mu ma'aikata mu ajiye da safe mu ɗauka da azahar. Yara goma sha huɗu ne, ciki har da 'yata Zinnira, lokacin tana wata takwas.

Da aka kawo mata takardar haraji, ni ta kira in cika mata. Na rubuta duk abin da iyaye ke biya. Sai muka zo inda ake tambayar kayan da take sana'a da su, da yadda suka tsufa.

"Ki rubuta lafiyarsu ƙalau," in ji ta.

"Yaya Murja, katifar nan fa ta lotsa."

"Kayan da yayyena suka yi min zan ce sun lalace a takardar gwamnati? In suka ji fa? Ki sa sababbi ne."

Ni kuwa, malama guda da biro a hannu, na rubuta. Na ɗauka ma so ake a ga ko gidan ya cancanci a ajiye yara.

Da abin da aka yanka mata ya fito, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ta tara mu ta ce ƙarshen wata za ta rufe, ta koma suyar awara. Hankalina ya tashi. Ba ni da uwa ko ƙanwa a Kabo, aji kuma ba wurin goyo ba ne. In gidan nan ya rufe, ni da aikina sai wani ikon Allah.

Takardar ta bi ta teburin Malama Hanatu da sa hannu a kanta, ba abin da ya rage sai karɓar kuɗi. Ita kuwa ta tsaya a kan layi ɗaya. Uwa ce, ta san gidan da yara goma sha huɗu ke wuni ba ya zama sabo. Sai ta aiko cewa za ta zo ran Alhamis.

Yaya Murja ta yi abin da duk macen garin nan za ta yi in babbar baƙuwa na tafe: ta shiga maƙwabta aro. Zanin gado, labule, kafet, duk na wata amarya ne. Na shigo ɗaukar Zinnira na tarar da ɗaki yana ƙamshin turaren wuta.

Aka gaisa, aka tambayi gajiya da yara da mutanen Gwarzo. Malama Hanatu ta zauna bakin gado, sai ta nutse har gwiwoyinta suka tashi. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe a hankali, ta kama gefen zanin ta ɗaga. Ga rami a tsakiya, ga shaidar fitsari kala-kala. Yaya Murja ta rufe fuska da mayafi.

"Maman Mahbub," in ji Malama, tana kiran Yaya Murja da sunan ɗanta, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yara nawa suka yi barci a nan?"

"Ban ƙirga ba, Hajiya."

"To wannan ramin ba abin kunya ba ne, aiki ne. Doka ta san kaya na tsufa. In katifa za ta yi shekara huɗu tana aiki, kowace shekara kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta ya tafi. Abin da ya tafi a hidimar 'ya'yan mutane ba riba ba ce, cire shi ake kafin a yanka miki haraji. Ke kuma kin ce ba abin da ya tafi."

Ta sa aka naɗe kafet ɗin aro, ledar ta fito da facinta. Ta bi kayan ɗaya bayan ɗaya. Firiji, ta ce rabi za a lissafa, tunda miyar gidan ma a ciki take kwana. Ni da na ga hanya ta buɗe, na nuna kwanukan jeren da ke cikin kabet na ce a haɗa da su. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Malama Badi'a, wane yaro ya taɓa cin tuwo a cikinsu?"

Na bar zancen kwanukan, aka ci gaba da lissafi.

Saura farashi, ga shi kayan kyauta ba su da rasit a hannun mai su. Malama ta ce a kira babban yayan, Alhaji Zainulabidin. Abin da Yaya Murja take gudu tun farko ke nan. Aka sa wayar kowa na ji, Malama ta yi masa bayani, ya faɗi kuɗin kowane kaya, ya ce rasit na nan a wurinsa. Sannan ya ce, "Murja, katifar ta mutu? Alhamdulillahi. Ai don ki mora muka saya, ba don ki jera ba." Ban taɓa ganin ta yi kuka irin na ranar ba, ni ma na taya ta.

Aka gyara takarda, haraji ya dawo daidai ƙarfinta, ta biya kafin lokaci. Gidan na nan a buɗe, ni ina nan a ajina, Zinnira kuma tana aji biyu.

Malama Hanatu, ke ce kika karɓi haƙƙin hukuma ba ki rage ko kwabo ba, kuma ba ki ɗauki na marayu kin ƙara mata ba. Ke ce kika biya kuɗin mota daga jakarki don layi ɗaya a takardar da ba taki ba. Wani tela a Gammo ya ba ni irin wannan labari a kan keken ɗinkinsa, ya ce ko kazar da ya ba ki a ƙofa kika bar masa. Ku matasan da za ku gaji teburinta, ku riƙa tashi daga kujera kuna zuwa kuna gani. Mutanenmu na da kunya, wani zai gwammace ya rufe sana'a da ya ce kayansa sun tsufa.

Makon jiya muka je Gwarzo ni da Yaya Murja mu yi mata godiya. Muka same ta a tabarma tana shafa wa gwiwa man zafi. Yaya Murja ta dube ta, ta ce, "Hajiya, an cire wa katifata tsufa, an cire wa firiji. Gwiwoyin nan naki fa, wa ya cire musu?"

Ta yi murmushi ta rufe kwalbar. "Wannan lissafin ba a ofishinmu yake ba."

Gaskiyarki, Malama. Mun gode. Wanda lissafin ke hannunsa ba ya neman rasit, Allah ya biya ki cikakke.