Wasan Taubasai da Na Kai Intanet Ya Karya Hannun Ɗan Kawuna

Assalamu alaikum, masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai rumfar cajin waya kusa da tasha a Gwarzo, amma fisabilillahi caji suna ne kawai, ainihin sana'ata surutu ce. In na ga akuya ta tsallaka titi da safe, kafin azahar ta zama saniya, kafin la'asar ta tunkuyi mota ta kifar. Direbobi kan kawo waya cajinta a cike fal don kawai su samu benci su sha ƙarya mai daɗi. Kaina kuwa ya kumbura, ina ganin duk abin da ya sa mutane dariya halal ne.

Innata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kabo. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu ina bin hanyar. A can kawuna yake da ɗansa, taubashina, wanda sa'ana ne kuma tela ne mai hannu. Kun dai san wasan taubasai. Duk inda muka haɗu sai na ce ga bawana nan, shi kuma ya ce mu mutanen Gwarzo da yunwa aka yi mana wankan jego. Har labari na ƙera, wai kakan kakanmu ne ya sayo mutumin da ya kafa garinsu da ƙwaryar gero, kuma mai sayarwar ya ji kunyar cutar da ya yi, ya ƙara masa da jaki. A gaban kawu nake faɗa, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

Ana nan sai wani malamin makaranta da ke caji a wajena ya tara mu a aji, ya nuna mana wani kundin ilimi na intanet da ake rubutawa da Hausa, wanda kowa zai iya shiga ya gyara. Ya jero mana dokoki. Ya ce kar mu rubuta abin da ba mu da madogara a kansa, littafi ko jarida. Ya ce kar mu sa son ranmu, kar mu taɓa mutuncin kowa, kuma in wani edita ya cire rubutunmu kar mu mayar da ƙarfi, mu je shafin tattaunawa a yi magana. Har shawara ya ba mu kar mu buɗe asusu da sunan da aka san mu da shi. Ni ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, hankalina na kan lemon da aka ce za a raba. Da aka zo zaɓen suna na zuba laƙabina na tasha, na liƙa masa Gwarzo a baya, don duniya ta san wanda ya zo.

Da fari na yi abin kirki, ƙananan gyare-gyare nan da can. Sai ran nan shaiɗan ya kai ni shafin ƙauyen su kawu. 'Yan layuka ne, wai gari ne na manoma, ana noman dawa da wake. Na ce kai, wannan gari ba shi da tarihi, bari masanin ya taimaka. Na zuba labarin ƙwaryar geron nan tsaf da Hausar manyan malamai, ba alamar wasa ko ɗaya, na tura wa taubashina. Ya kira ni yana dariya, amma ya ce in cire, rubutu ba baki ba ne. Na ce bawa ba ya ba ubangidansa umarni. Kafin in gama jin daɗi wani edita ya share, ya bar mini saƙo cikin ladabi cewa yana maraba da ni, amma ina madogarata? Na mayar, na rubuta wai dattawan gari ne suka faɗa. Ya sake cirewa, ya ce ji-ta-ji-ta ba madogara ba ce, kuma asalin mutane ba abin wasa ba ne. Na tambaye shi ko ya taɓa shan ruwan rijiyar garin da zai koya mini tarihinsa. Haka muka yi ta yi, yana cirewa ina mayarwa, har suka gaji suka toshe ni. A rumfa kuwa na ce musu sai da aka kira taron gaggawa a Turai a kaina.

Abin da ban sani ba, a tsakanin cirewa da mayarwar nan wani ya ɗauki hoton shafin. Hoton ya bi wayoyi har ya faɗa hannun samarin wani ƙauye da ke maƙwabtaka da ƙauyen su kawu, waɗanda dama ba sa ga-maciji saboda ƙwallo. Ranar wasa suka tsaya a bakin fili suna karantawa da ƙarfi, suna cewa ai ko intanet ta san 'ya'yan bayi ne. Aka bar ƙwallo aka koma duwatsu, aka farfasa wa mutane kai. Daga baya wani ɗalibi ɗan garin su kawu ya buɗe tarihin gyare-gyaren shafin, sai ga laƙabina ɓaro-ɓaro, har da Gwarzon da na liƙa.

Ni ban ji komai ba, na ɗauki jakar caja da iyafis na tafi cin kasuwa can ƙauyen su kawu. Ina baje kaya sai na ga inuwa ta rufe ni. Wani mai bandeji a goshi ya tambaye ni ko ni ne malamin tarihi. Wallahi da na yi shiru da wataƙila an tsaya a zagi, amma bakin nan ya riga ni, na ce ni ne, kuma littafi na biyu na hanya. Marin farko sai da na ji kiran sallar Kano daga nan. Na biyun ban ma san ta inda ya zo ba. Aka shure ni na faɗi cikin cajojina, gora ta fara sauka a gadon bayana, wani na taka mini yatsu yana cewa da waɗannan na rubuta. Ina ihu wasa ne, wasa ne, jini ya cika mini baki har maganar ba ta fita. A nan dariya ta ƙare, na fara salati, don na ga mutuwa da idona.

Taubashina na da keken ɗinki a layin baya. Ya ji hayaniya ya sheƙo da tef ɗin awo a wuya, ya ratsa su ya kife a kaina, yana rantsuwa ni ɗan gwaggonsa ne, wasan gida ne. Wani ya riga ya ɗaga gora, bai iya tsayar da ita ba, shi kuma ya tare da hannun dama. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen kara, har yau tana kunnena. Ita ce ta tsayar da dukan, kafin dattawa da 'yan sintiri su iso.

Ni haƙori na rasa, aka yi mini 'yan ɗinki a ka. Shi aka yi ta yawo da shi tsakanin mai ɗori da asibiti. Inna ce ta zauna a bakin gadona, ta tambaye ni a hankali ko ita ma baiwa ce ke nan, tunda a garin aka binne cibiyarta. Gara a sake mini dukan kasuwa da wannan tambayar. A gaban dagacin garin aka buɗe shafin aka tarar editocin nan da na raina sun daɗe da wanke shi tas, amma hoton na cikin wayar kowa. Na durƙusa na ba gari haƙuri. Hannun taubashina ya warke a karkace, almakashi ya gagare shi, sai dai wani ya yanka masa ya ɗinka. Bai taɓa yi mini gori ba. In na je yakan miƙe ya gaishe ni, ya tambayi mutan gida, ya sa a kawo ruwa, kamar baƙo.

To 'yan uwa, musamman samarin da ake koya wa rubutu a irin wannan kundi, dokokin nan da kuke gani kamar takura ba don a hana ku sakewa aka yi su ba. Wasan da ake yi ido da ido akwai fuska, akwai murya, kowa ya san iyakarsa. In ya hau shafi babu mai rakiyarsa, duk wanda ya tsinta sai ya ɗauka gaskiya ce, maƙiyi kuma ya mai da shi makami. In ba ka da madogara, ka riƙe yatsanka. In an cire rubutunka, ka tsaya ka tambayi dalili kafin ka yi zuciya. Ni sau nawa aka tare ni da lalama na ƙi ji, kuma da ranar biya ta zo, ba hannun da ya yi rubutun aka karya ba. Allah Ya yafe mana, Ya raba mu da aikin da-na-sani.