Phoebe Dzarma, Wadda Ta Kai Jami'a Bulabulin

Da safe Madam Phoebe Dzarma takan tare keke daga gida, amma ba ofis take fara zuwa ba. Sai ta sauka unguwar Bulabulin a Maiduguri ta bi gida-gida tana gaisuwa, nan da Kanuri, can da Hausa, gaba da Margi. Aikinta a jami'a shi ne haɗa masu bincike da mutanen unguwa. Wannan watan take ritaya.

A shekarun da rikici ya koro mutanen ƙauye cikin Maiduguri, amai da gudawa ya ɓarke a unguwar da damina. Jami'a ta haɗa likita, injiniyan ruwa, likitan dabbobi da wata malamar zamantakewa su yi aiki tare. Sai dai lokacin kowa tsoron baƙo yake. Wanda aka gani yana amsa tambayoyi ana iya cewa ɗan rahoto ne, kuma hakan kan ci rai. Aka rufe wa masu binciken ƙofa.

Phoebe ta je wajen Ya Kellu, shugabar matan da suka yi gudun hijira. Ya Kellu ta ce, "'Yata, mun binne yara. Tambaya kuka kawo ko magani?"

"Ya Kellu, ba mu san maganin ba tukuna. Ku zauna da mu mu nemo shi."

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai unguwa, a idon kowa. Mata suka nuna inda suke ɗiban ruwa, injiniya ya auna, likitan dabbobi ya lura awaki na sha a wurin, likita ya haɗa zancen, ya gano daga ruwan cutar take. Tare aka zaɓi inda za a haƙa sabon famfo, aka ware wa dabbobi kwami. Kafin damina ta fita, cutar ta lafa.

Babakura mahauci ya shaida mini cewa washegarin da bam ya tashi kusa da unguwar, ya hango Phoebe tana saukowa daga keke. Ya ce, "Madam, yau ma?" Ta ce, "Na ce wa mata zan zo."

Madam Phoebe, ke ce kika sa farfesa da mai tallan ƙosai suka saurari juna. Uwar tabarma, mun gode. Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Ku matasan jami'a da za ku gaje ta, ku fara da gaisuwa, kuma in kun ce za ku zo, ku zo.